Wa Ke Canza wa Baba Tasha

Baba ya dawo gidanmu da zama wata bakwai bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago, har hannunsa ya fara rawa, ƙananan sukurori suka riƙa zame masa. Ranar da ya ɓata agogon wani mutum da hannunsa ya rufe shagon, bai sake buɗewa ba.

Gidanmu a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. A ɗaki na biyun mijina yake aiki. Zanen gine-gine yake yi a kwamfuta, mutane suna ce masa Injiniya alhali ba injiniya ba ne, shi kuma yana ce mini Likita alhali gwajin jini kawai nake yi a asibiti. Da maganar zuwan Baba ta taso, da kansa ya kwashe teburinsa ya matse shi a kusurwar ɗakin kwananmu, tsakanin gado da taga. Ban roƙe shi ba.

Baba ba mai yawo ba ne. Abinsa labarai. Da ƙarfe tara ta yi zai zauna a doguwar kujera ya kunna talabijin, ya bi labaran duniya har la'asar, yana yi wa masu karantawa gyara kamar suna jinsa. Matsalar ita ce rimot uku muke da su, na talabijin da na dikoda da na sifika, kuma kowanne sai an saita bakinsa daidai da na'urarsa kafin ya yi aiki. Da hannu mai rawa wannan wahala ce. Wata rana na dawo na tarar da shi zaune gaban baƙin allo, rimot uku a cinyarsa, ya ƙi kiran Injiniya don kada ya katse masa aiki.

Shi ya sa na kira Gajere, mai gyaran kayan wuta da shagonsa ke ƙasan benenmu. Ya zo da rimot guda ɗaya mai manyan maɓallai, da wani ɗan baƙin akwati da bai kai sabulun wanka girma ba. Ya haɗa kan sabon rimot da kan tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, yana danna nan yana danna can, wai koya masa yarensu yake yi. Sannan ya ajiye ɗan akwatin cikin kabad kusa da dikoda, ya manna wasu siraran wayoyi a gaban kowace na'ura, ya rufe ƙofar kabad ɗin.

"Baba, wannan ba ya buƙatar saiti," in ji shi. "Ko a ƙarƙashin bargo ka danna, zai ji ka."

Baba ya juya rimot ɗin ya kalli bango, ya danna. Tasha ta canza. Ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Na kwashe tsofaffin ukun na zuba a durowa.

Mako uku muna lafiya. Sai wata Talata na dawo daga aiki na tarar da Baba ya sha mur, ko sannu da zuwa bai ce mini ba. Da na kawo masa shayi ya dubi ƙofar ɗakinmu, ya sassauta murya.

"Uwata, zauna." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ana canza mini tasha."

"Wa ke canza maka, Baba?"

"Ina cikin sauraron labarai sai in ga wasu mata suna kuka a wasan kwaikwayo. In mayar, a sake canzawa. In ƙara murya, a rage. Yau sau shida."

Na yi dariya, na ce wataƙila ya zauna a kan rimot ɗin. Bai yi dariya ba. Ya ce a kan tebur yake ajiye shi, yana kallonsa da idonsa.

Da na gaya wa Injiniya, sai ya cire tabarau ya murza ido.

"Na ji shi yana faɗa da talabijin," ya ce. "Likita, hannunsa ne. Wannan rimot ɗin ko numfashi ka yi a kansa sai ya amsa. Yana dannawa bai sani ba."

Na yarda da shi. Maganar ta zauna mini daidai. Washegari na nuna wa Baba yadda zai ajiye rimot nesa da gwiwar hannunsa, ya saurare ni har na gama.

Abin bai tsaya ba. Cikin mako guda Baba ya samo wani tsohon littafin rubutu, ya fara rubuta lokacin da abin ya faru, da minti da komai, da rubutunsa mai karkacewa. Ranar Lahadi da Injiniya ya fita sayen burodi, ya miƙo mini.

"Duba da kyau. Ba ya farawa sai bayan kin fita. Goma da kwata, goma da rabi. Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu shiru. Wa ke tashi daga aiki ya ci abinci ƙarfe ɗaya a gidan nan?"

"Haba, Baba."

"Ban kira sunan kowa ba. Kuma talabijin ɗin ba ta taɓa mutuwa ba, tashar ce kawai da murya. Mai yin wannan ya san abin da yake yi. Ƙarar labarai ta dame shi, ba zai iya faɗa mini a fuska ba."

"Da ta dame shi ai da ya faɗa mini."

"Ya faɗa miki ya ce me? Ki kori ubanki daga ɗakin da ya ba shi?"

Na rufe littafin na ce kada ya sake irin wannan magana. Amma ta shige ni. Na tuna cewa kwanan nan Injiniya ya sayi abin toshe kunne. Na tuna yadda yake rufe ƙofar ɗaki da ɗan ƙarfi idan labaran ƙarfe tara suka fara. A da ban ɗauki waɗannan a bakin komai ba.

Injiniya ma ta nasa ɓangaren bai bar ni na huta ba. Ina shirin fita wata safiya ya ce, yana ɗaura agogo, ba tare da ya dube ni ba:

"Jiya Baba ya tambaye ni sau biyu ko na ga tabaransa. Yana kansa."

"Ni ma ina yin haka."

"Ke ba kya rubuta sunan mutane a littafi." Ya ga na ɗago kai. "Na gani. A kan kujera ya bar shi a buɗe. Ya rubuta 'yana ciki' a gefen kowane lokaci. Likita, ke ce ma'aikaciyar asibiti. Kin san yadda ciwon mantuwa ke farawa. Mutum ya yi abu ya manta, sai ya nemi wanda zai ɗora wa."

Na tafi aiki da maganganu biyu a kaina, kowacce tana da ƙafafun tsayuwa. Ina ɗibar jinin wata tsohuwa na kusa manna mata sunan wani a kwalba. Abokiyar aikina ta ce lafiya, na ce ciwon kai ne.

Sai na yanke shawarar gwadawa da kaina. Ranar Alhamis da safe na kunna wa Baba tashar labarai, na daidaita murya, na faki idonsu na jefa rimot ɗin cikin jakata. Sai da na kai asibiti na kira Baba na ce na ɗauko shi bisa kuskure, ya yi haƙuri da tasha ɗaya yau. Na ce a raina idan hannunsa ne, yau za a yini lafiya.

Ƙarfe goma da minti ashirin wayata ta yi ƙara.

"Uwata, rimot yana wurinki?"

Na buɗe jaka na dube shi. "Yana nan."

"To saurara." Ya matsar da wayar. Na ji kiɗa, da muryar wata mata tana rantsuwa cewa ba za ta koma gidan ba. "An canza. Kuma ba ni da abin mayarwa."

Haka ya yini gaban wasan kwaikwayo har na dawo. Asibitinmu ya fi tafiyar minti arba'in a mota, ba yadda za a yi jakata ta danna wani abu ya isa gida. Mutum biyu ne a gidan ranar, ɗaya ba shi da rimot.

Da na dawo na dafa abinci, muka ci, ina satar kallon hannun mijina da wayarsa da ke kife kusa da faranti. Me ya sa yake kife ta? Ko da can haka yake yi? Na kasa tunawa.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga wanka ya bar ta a kan gado. Shekara tara da aurenmu ban taɓa buɗe wayarsa ba, duk da na san lambobin. Na buɗe. A shafi na uku na ga wata manhaja mai hoton rimot. Na taɓa ta, sai ga maɓallai, na kunnawa da na ƙara da na ragewa. Na shiga inda yake bincike, na ga abin da ya nema cikin makon: alamomin ciwon mantuwa, likitan ƙwaƙwalwa mafi kusa, yadda ake samun mai kula da tsofaffi.

Ya fito yana goge kai da tawul ya tarar da ni da wayar a hannu.

"Mene ne wannan?" Na juya masa fuskar wayar.

Ya dubi wayar, ya dube ni. "Wayata kika buɗe?"

"Na tambaye ka mene ne wannan."

"Na na'urar sanyaya ɗaki ne a ofishin Dogo. Rimot ɗinsu ya ɓace tun bara." Dogo abokinsa ne, wanda suke karɓar aiki tare wani lokaci.

"Likitan ƙwaƙwalwa fa? Shi ma na ofishin Dogo ne? Ranar Alhamis rimot yana jakata. Daga kai sai shi a gidan nan. Kana so a ce ya rikice, a ɗauke shi, ka koma ɗakinka."

Na faɗe ta da ƙarfi, kuma ƙofar a buɗe take. Ya tsaya da tawul a wuya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na yi tsammanin zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya sa kaya, ya naɗe wayar kwamfutarsa, ya zuba riguna uku a jaka.

"Zan yi aiki a wurin Dogo, in kwana gidan Yaya," ya ce. "Idan talabijin ɗinku ta warke, kin san dalili ke nan."

Da zai wuce falo ya tsaya ya ce, "Baba, sai na dawo." Baba ya amsa da kai, idonsa na kan labarai.

Ranar Lahadi ba abin da ya faru. Baba ya ci abinci da yawa, har ya ba ni labarin wani mai kuɗi da ya taɓa kawo masa agogon jabu yana cika baki. Ni ban iya cin komai ba.

Litinin, goma da rabi, waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikina. Baba ne. Kiɗan nan da na riga na sani yana tashi a bayansa.

"An sake," ya ce a hankali.

"Injiniya ya dawo ne?"

"Bai dawo ba. Amma waɗannan wayoyin na zamani, ai daga ko'ina..."

Na kashe wayar. Na nemi izini wurin shugabar sashenmu na ce gobe ba zan zo ba.

Talata da safe Baba ya shiga wanka, na shiga ɗakinsa canza zanin gado, kamar yadda nake yi duk mako. Na ɗaga matashin kai, sai ga tsohon rimot ɗin dikoda kwance a ƙarƙashi. Na buɗe bayansa, batir biyu suna ciki. Na zauna a bakin gadon. Ranar Alhamis da nake murna na raba shi da rimot, ashe akwai wani a ɗakinsa. Ko yana yi yana mantawa ne, kamar yadda Injiniya ya ce? Ko kuwa yana sane? Tun farko Baba bai so aurenmu sosai ba, ya taɓa cewa zane ba sana'ar da za a riƙe iyali da ita ba ce. Shekara tara ke nan, na ɗauka maganar ta mutu.

Da ya fito na ajiye rimot ɗin a kan teburin falo, gefen sabon.

"Me wannan yake yi a ƙarƙashin matashinka?"

Ya dube shi, kunya ta kama shi kamar yaro. "Na ɗauko ne ranar Alhamis, in gwada mayar da tashata. Bai yi aiki ba."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Don kada ki yi tunanin abin da kike yi yanzu."

"Baba, mijina ya bar gidan nan saboda maganarka."

"Saboda maganarki dai. Ni ban buɗe wayar kowa ba."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma saura kaɗan. Na sauka ƙasa da silifas na samu Gajere yana warware wata fanka, na ce ya zo ya cire kayansa gaba ɗaya, mun gaji. Ya ɗauko jakarsa ya biyo ni yana tambaya, ina ba shi labari a kan matakala, ban da abin da ya shafi Injiniya. Wannan Baba ne ya ƙarasa masa da muka shiga.

"Akwai wanda ke da rimot a cikin waya," in ji Baba. "Ina so ka gaya mini gaskiya ko zai iya."

"Akwai kuma wannan," na ce, na nuna tsohon rimot ɗin.

Gajere ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya gane ba gyaran wuta kawai aka kira shi ba. Ya ɗauki tsohon rimot.

"Anti, ba ni wayarki. Buɗe kamara." Ya ciro wani rimot daga jakarsa, ya saita bakinsa ga kamarar, ya danna. A fuskar wayar na ga wani ɗan haske mai ruwan hoda yana ƙyaftawa, alhali da idona ban ga komai ba. "Kin gani? Irin waɗannan da haske suke magana. Haske ne da idon mutum ba ya kamawa, amma kamara tana gani. Kamar tocila yake, sai ya ga na'ura ido da ido. Hannu ma kika sa a gabansa ya tare shi, balle ƙofar kabad, balle bango." Ya saita tsohon rimot ɗin Baba ya danna. Ba komai. Ya sake dannawa. Ya buɗe bayan, ya zaro batir ɗin, ƙasansu duk ya yi farin gari. "Wannan ya mutu tuntuni. Ko a bakin dikoda aka manna shi ba abin da zai yi."

Ban iya kallon Baba ba.

"Na wayar fa?" in ji Baba.

"Wanda ke kunna na'urar sanyi? Shi ma hasken ne, ɗan ido ne a saman wayar. Daga ɗakin can ba zai iso nan ba, ko ƙofa a buɗe take, tunda kabad a rufe yake. Daga wata unguwa kuwa, Baba, sai dai a mafarki."

"To naka fa?" na ce. "Ka ce ko ƙarƙashin bargo yana ji."

"Nawa daban ne. Shi da zangon rediyo yake aika saƙo, kamar yadda rediyonka ke kama tasha kana cikin ɗaki a rufe. Yana ratsa katako, yana ratsa bango. Ɗan akwatin nan shi ke kama saƙon, ya mayar da shi haske, ya haska wa dikoda ta waɗannan wayoyin." Ya durƙusa ya buɗe kabad. "Duba, duk sa'ad da aka danna, wannan 'yar fitilar za ta ƙyafta."

Bai rufe baki ba fitilar ta ƙyafta. Ja, sau biyu. Mai karanta labarai ya ɓace, matar nan mai kuka ta bayyana.

Rimot biyun suna kan tebur. Hannun Baba yana kan gwiwarsa, nawa yana riƙe da waya, na Gajere yana kan ƙofar kabad. Baba ya duba agogonsa. "Goma da minti ashirin da biyu," ya ce.

Gajere ya tsura wa bangon bayan talabijin ido. Sai ya dafe kai.

"Anti, wa ke bayan bangon nan?"

"Tela ce. Ba ta daɗe da tarewa ba."

"Wayyo ni," in ji shi. "Ku zo."

Ƙofarta ba a matakalarmu take ba, sai an sauka an zagaya ta ɗaya gefen benen, shi ya sa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Baba ya ce sai ya je. Muka sauka a hankali yana dafa kafaɗata. Ta buɗe mana da tef ɗin awo a wuya da allura a baki. Falonta cike da yadi, keken ɗinki yana fuskantar taga, talabijin tana gefe jingine da bangon da muka raba. A kan keken, kusa da almakashi, ga rimot irin namu sak.

"Gajere, gara da ka zo," ta ce bayan ta cire allurar. "Sau biyu na kai dikodar nan kamfani suna ce mini lafiyarta ƙalau. Ina cikin kallona sai wani mai ƙaton tabarau ya fito yana ba ni labarin farashin man fetur. In mayar, a sake. Har maigidana na zarga, na ce ko ya sa an kulle mini tashar don ya ce tana hana ni aiki. Kwana biyu ba mu yi magana ba. Ƙanwata ta ce aljani ne, na ce to wannan aljanin ɗan boko ne, labarai kawai yake so."

"Ga aljanin nan," in ji Gajere, ya nuna Baba.

Ya yi mata bayani. Mako uku bayan ya sa mana namu, ta ga irinsa a shagonsa ta ce tana so, don ta riƙa canza tasha ba sai ta juyo daga keke ba. Kowane akwati yana da lambar da ake saita shi a kai, don ya san rimot ɗin gidansu. Daga kamfani duk a kan sifiri suke zuwa. Ya bar namu a sifiri, ya bar nata a sifiri. Dikodarmu iri ɗaya ce, talabijin ne suka bambanta, shi ya sa tasha da murya kawai ke motsi. Idan ta danna, gida biyu ke amsawa. Idan Baba ya mayar, gida biyu ke komawa labarai.

"Ƙarfe ɗaya kina tashi?" Baba ya tambaye ta.

"Ina zuwa ɗauko yara daga makaranta. Ya aka yi ka sani, Baba?"

"Lahadi fa?"

"Asabar da Lahadi ba na ɗinki." Ta yi tunani. "Alhamis ɗin da ta wuce kaɗai na samu lafiya. Na ce Allah ya kori aljanin."

Ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Gajere ya ciro ɗan sukundireba, ya juya wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin akwatinta daga sifiri zuwa biyar, ya danna wasu lambobi a rimot ɗinta. Bai kai minti biyu ba. Ya ce in koma gida in danna namu, ita ta duba. Na je na danna, ta leƙo ta taga ta ce matarta na nan tana kuka, ba wanda ya taɓa ta.

A kan matakala Baba ya tsayar da Gajere.

"Yaro, ni ma mai gyara ne. Idan ka gama aiki, ka tsaya ka tambayi kanka me ka bari yadda ka same shi."

"Na yi kuskure, Baba. A yafe mini."

"Ba kai kaɗai ba," in ji Baba, ya ci gaba da hawa.

Da muka shiga ya zauna, bai kunna talabijin ba. Na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke rawa a kan gwiwa.

"Kin san me ya sa na fara rubutawa? Ba don in kama mijinki ba ne. Kwana ukun farko na ɗauka ni ne. Na ce ko kan ya fara tafiya kamar yadda hannun ya tafi. Da na ga lokutan sun yi daidai da zamansa a ɗaki, wallahi daɗi na ji. Na gwammace a ce shi mugu ne da a ce ni na rikice." Ya share ido da bayan hannu. "Je ki same shi. Ki ce ina kiransa."

Ofishin Dogo ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin fenti. Na tarar da Injiniya shi kaɗai, ya duƙufa kan zane. Na zauna a kujerar baƙi na ba shi labari tun daga farko. Da na kai wurin aljani ɗan boko ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi.

"Sifiri da sifiri," ya ce.

"Ka yafe mini."

"Abin da kika gani na likita, tsoro ne ya sa na nema. Kakana haka ya fara, da zargin mutane. Na so in san abin yi kafin in tayar miki da hankali." Ya juya fensir a hannunsa. "Ni ma na yi masa mummunan zato, ban musa ba. Amma ni cewa na yi ba shi da lafiya. Ke cewa kika yi na shirya masa makirci."

Na ce Baba yana kiransa. Ya ce yana da aikin da zai miƙa jibi, zai zo idan ya gama.

Ranar Alhamis da la'asar ya dawo da jakarsa. Baba ya miƙe tsaye da ya shigo, abin da bai taɓa yi wa suruki ba. Ya ce, "Na zalunce ka, ɗana." Injiniya ya ce, "Ya wuce, Baba, zauna." Iyakar abin da suka ce ke nan a gabana.

Bai wuce nan take ba. Mun yi makonni muna lallaɓa juna a gidan, kowa yana yawan cewa sannu da na gode. Baba ya riƙa rage murya har shi kansa ba ya ji, Injiniya ya riƙa fitowa yana ƙara masa. Tsakanina da mijina kuwa sai da aka ɗauki lokaci fiye da haka kafin ya koma tsokanata.

A ƙarshen watan Baba da kansa ya ce yana so a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwar nan, ya ji da kunnensa. Na ce zan nemi hutu. Ya ce a'a, Injiniya zai kai shi. Suka fita ƙarfe takwas, ba su dawo ba sai bayan biyu. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ƙalau take, ya canza masa maganin rawar hannu. Na tambayi abin da ya tsayar da su tun safe. Baba ya ce layi ne. Injiniya ya ce sun biya ta tsohon shagon, wanda yanzu ake sayar da takalma a ciki, Baba ya nuna masa inda teburinsa yake a da, daga nan suka tsaya cin abinci.

"Me kuka tattauna?" na ce.

"Maganar maza ce," in ji Baba, ya miƙa mini ledar magani. "Karanta mini, sau nawa a rana?"